Sambar ɗin wani gidan abinci a Udupi

A ƙaramin gidan abincin nan na Udupi, jihar Karnataka ta Indiya, sambar ɗinsu ne abin zuwa, wata miyar wake ce da ake ci da shinkafa. Ɓarzajjen wake suke dafawa har ya narke, su zuba kabewa da gauta da tsamiya, sannan kwakwar da aka niƙa da soyayyen busasshen barkono. Kwakwar nan sabuwa ce, daga ƙamshi za ka gane, ita ke ba miyar kauri. Babu albasa babu tafarnuwa, haka al'adar girkin garin take, kuma ban ji rashinsu ba.

Mazarƙwailar da suke sa wa miyar dai ta ɗan yi mini yawa, ni mai son tsami ne. A ganyen ayaba suke zuba shinkafa, kafin ka ce a ƙara miya an ƙara. Da rana akwai cunkoso, sai ka jira kujera.