CI a Tawa: a fara wa yarinya karatu da Hausa, ko kai tsaye da Faransanci?

Wata ƴar'uwa ta kawo tambaya a wannan zaure, amsoshin da ta samu kuma sun rabu gida biyu. Ga tambayar a taƙaice: ɗiyarta za ta shiga CI, wato ajin farko na firamare, a watan Oktoba, a gida Hausa kaɗai ake yi, kuma makarantu biyu ne kusa da su a nan Tawa. Ɗaya ta gwamnati ce mai harshe biyu, ana fara karatu da Hausa sannan Faransanci ya biyo baya. Ɗayar ta kuɗi ce, Faransanci tun ranar farko. Maigidan yana Abijan wurin nema, ya ce a kai ta ta kuɗin don kada Faransanci ya wuce ta. Ita kuwa so take ta san inda yarinyar za ta fi saurin iya karatu.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana ita. Na riƙe ƙananan azuzuwa a tsarin nan duka biyu, don haka bari in ajiye miki su kusa da juna ki duba da kanki.

Iya karatu aiki biyu ne a haɗe. Yaro ya ga baƙi ya san sautinsa, ya haɗa sautukan su zama kalma, sannan ya gane kalmar da ta fito daga bakinsa. A ajin Hausa, yarinya za ta haɗa "tu" da "lu", ta ji kanta ta ce tulu, nan take fuskarta ta washe, don ta san tulu, kullum tana shan ruwansa. Wannan ganewar ce ke shaida mata ta karanta daidai, ba sai madam ta faɗa mata ba. In ta yi kuskure ta ce "tali", kunnenta zai ƙi karɓa, ta koma ta gyara da kanta. A ajin Faransanci zalla wannan taimakon babu shi. Ko ta furta kalmar daidai ko ta karkace, duk ɗaya ne a kunnenta, tunda ba ta san ma'anarta ba. An ɗora mata koyon sabon harshe da koyon karatu a lokaci guda, taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Abin da yawancin yara ke yi don su tsira shi ne hadda. Za ki ji aji duka yana rera shafi da murya ɗaya gwanin daɗi, amma ki nuna wa yaro kalma guda a tsakiyar layi, ko ki rufe hoton da tafin hannu, sai ya yi shiru yana kallonki. Na sha ganin ɗan CE2, aji na huɗu, a wannan hali, kuma ba daƙiƙi ba ne ko kaɗan.

Sai yadda ake rubuta harsunan biyu, kuma nan ne bambancin ya fi girma. Rubutun Hausa na boko wasula biyar gare shi, a, e, i, o, u, kuma kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake da shi ko'ina ya faɗo. In yaro ya san su, ya ƙara da masu lanƙwasa, ɓ, ɗ, ƙ, ƴ, da irin su sh da ts, to babu kalmar Hausa da za ta gagare shi furtawa. Faransanci ba haka yake ba. Sautin "o" kaɗai ana rubuta shi o, au, eau, wani lokaci da baƙi a ƙarshe da ba a furtawa, kamar a mot da chaud. Baƙin c sauti ɗaya yake yi a cahier, wani dabam a ciel. A ils parlent, haruffa uku na ƙarshe kwance suke kawai. Wani bincike da aka buga a 2003 kan yaran ƙasashen Turai ya nuna cewa a ƙarshen shekarar farko, yaran Finlan da Girka da Italiya da Sifen, waɗanda rubutunsu ke bin furuci, suna karanta kusan duk kalmomin da aka ba su daidai, yaran Faransa kuwa suna baya, na Ingilishi suna can baya sosai. Ki lura, waɗannan yaran Faransa ne da aka haifa cikin harshen. To ina ga ɗiyar Adar da ba ta taɓa jin sa ba sai a rediyo?

Hausa ma tana da nata cikas, amma ƙanana ne. Ba ma nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutu, shi ya sa garin da ake zama da garin da ake tuwo da shi rubutunsu ɗaya. Mai jin Hausa jimlar ce ke warware masa. Wanda ya fi damun ƙananan yaranmu shi ne littafi ya ce "tafi" da "fari", su kuwa a gida "tahi" da "hwari" suka sani. Malamin da ya san aikinsa yakan nuna musu cewa abu ɗaya ne, ba tare da ya sa yaro ya ji kunyar maganar gidansu ba.

Yanzu ga tsoron maigidanki, kuma tsoro ne mai tushe, kada kowa ya raina shi. Koleji da lise da jami'a da takardun ofis har yau da Faransanci suke tafiya. A makarantar kuɗin yarinya za ta ji Faransanci awoyi masu yawa kowace rana, kuma in aka kwatanta su a ƙarshen CP, aji na biyu, mai yiwuwa ta fi takwararta ta ajin Hausa iya gaisuwa da waƙa da ƴan jimloli. Wannan riba ce ta gaske, ita ce kuma iyaye ke gani da wuri, ita ke faranta wa uba rai in ya kira waya. A tsarin harshe biyu, Hausa ce ke ɗauke da karatu a azuzuwan farko, Faransanci yana shiga da baki, daga baya a rubuce, rabonsa yana ƙaruwa har ya rinjaya a CM, azuzuwan ƙarshe na firamare. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, dabarar haɗa baƙaƙe sau ɗaya ake koyon ta. Haruffan iri ɗaya ne, a, i, b, d, l, m, t da sauransu sautinsu bai sauya ba. Abin da za a sake koya mata kaɗan ne: "u" ɗin Hausa shi ne ou, "sh" shi ne ch, c da e kuma sun sauya hali. Abin da ba ya ƙetarawa shi ne kalmomi. In malamin ya yi sakaci da Faransancin baka a CI da CP, ranar da darussa suka juya, yarinya za ta iya furta shafi duka ba ta fahimci rabinsa ba. Nan ne tsarin harshe biyu ke faɗuwa in zai faɗi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a Nijar. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko ta Hausa da Faransanci a 1973, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci da Buzanci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa tare da Faransanci, kundin tsarin tafiyar da ƙasa da aka fitar a watan Maris na 2025 kuma ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Tantancewar da aka yi wa makarantun gwajin a ƙarshen shekarun 1990 ta nuna yaransu ba su kasa takwarorinsu ba ko a Faransancin. Ga kuma gwajin PASEC, wanda ake yi wa ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci: a 2014, yaran Nijar da suka kai matakin da ake buƙata a karatu a ƙarshen firamare ba su kai 1 cikin 10 ba, a 2019 suka kai kusan 3 cikin 10. Mafi yawan waɗannan yara da Faransanci suka fara. A gwajin ƙananan azuzuwa kuwa Burundi ce ta yi fice, inda yara ke fara karatu da Kirundi, harshen gidajensu. Sai dai a 2019, a ƙarshen firamare inda ake gwada su da Faransanci, ba su ne kan gaba ba, wanda ya sake nuna cewa lokacin juyawar nan shi ne wurin tsayawa da kyau. Ajin Tawa ya fi dacewa da wannan tsari fiye da ajin Yamai, inda benci ɗaya kan haɗa mai Zabarmanci da mai Hausa da mai Fulatanci.

Duk wannan a kan tsari nake magana, alhali ɗiyarki aji za ta shiga, gaban mutum ɗaya. Akwai makarantar da sunanta mai harshe biyu ne, amma malamin da aka horar an yi masa canjin wuri, wanda ya gaje shi bai taɓa koyon rubutun Hausa ba, littafi ɗaya yara huɗu ke leƙe. In ajin zana ne, sau da yawa ba a fara karatu sai an gama girbi an samu kara. Makarantar kuɗi takan fi ƙarancin yara da tsayuwar malami, wannan kuwa babban abu ne a CI, inda kowane yaro ke buƙatar a saurare shi shi kaɗai. Amma biyan kuɗi ba ya hana hadda, na ga masu tsada da yaransu rerawa kawai suke yi.

Saboda haka ki sa mayafinki ki je duka biyun kafin a koma. Ki tambayi darakta wa zai riƙe CI, ko an horar da shi, ko kowane yaro yana da littafinsa, kuma ko tsarin harshe biyun yana ci gaba har CM ko a CP yake tsayawa. Sannan ki nemi ɗan maƙwabta da ya gama CP a kowace makarantar, a rubuta masa gajeriyar jimla da bai taɓa gani ba cikin harshen da ya koya, ya karanta, ki ce ya faɗa miki abin da ta ce. Wannan zai gaya miki abin da allon ƙofar makaranta ba zai faɗa ba.

In ta gwamnatin ta ci wannan gwaji, ni ita zan zaɓa ba tare da wani shakku ba, kuɗin da za a biya waccan a sayi littattafai, a nemi mai yi mata hira da karatun Faransanci da yamma. Akwai kuma ribar da ta shafe ki ke kanki: in tana karatu da Hausa, ko ba ki yi boko ba za ki iya zama kusa da ita ki ji ko abin da take karantawa yana da ma'ana, ki tambaye ta, ki gyara mata. Da Faransanci wannan ƙofar a rufe take gare ki in ba ki jin sa.

In kuwa kin tarar ajin Hausar suna ne kawai, ki kai ta ta kuɗin, amma a koya mata karatun Hausa a gida, minti 15 bayan la'asar ya isa. Hanyar ba baƙuwa ba ce, ita ce ta makarantar allo, babbaƙu sannan farfaru. A fara da a, i, u da baƙaƙe kaɗan kamar b, m, t, l, a haɗa ba, bi, bu, nan da nan a shiga kalmomin da ta sani: baba, mata, tulu. Kada a jira sai ta haddace haruffa duka. Da ta fara haɗawa, ki sa ta faɗi jimla daga tatsuniyar da kika yi mata, yayanta ya rubuta a allo, ta karanta abinta.

Roƙona guda gare ki da maigidan: in kun zaɓi mai harshe biyun, kada ku cire ta a ƙarshen CI don kun ji ɗiyar maƙwabta ta fi ta Faransanci. A lokacin karatun Hausar bai gama zama ba, Faransancin rubutu kuma ba a shiga shi sosai ba, sai ta tashi babu ko ɗaya a hannu. Ku bar ta aƙalla ta gama CE1, aji na uku, kafin ku yanke hukunci.