Sharhi kan masaukin shafinmu da iyakar giga 20 a wata

Makarantar Islamiyyarmu da ke Garwa tana da shafi a intanet, kuma ni aka ɗora wa kula da shi. Mun karɓi masauki mafi araha, wato wurin da ake ajiye shafin don jama'a su iya buɗe shi, a wani kamfani da ke karɓar kuɗi ta waya da sefa, abin da ya hutar da mu daga neman katin banki. A cikin yarjejeniyar an rubuta cewa bayanan da za su fita daga shafinmu zuwa wayoyin masu ziyara ba za su wuce giga 20 a wata ba.

Yawancin shekara ko kusa da wannan adadi ba ma kaiwa, domin sanarwa da jadawalin karatu ba su da nauyi. Da watan azumi ya kama, muka fara ɗora tafsirin malam, sai lissafi ya canza. Karatun sa'a ɗaya, idan aka naɗe shi da matsakaicin inganci, yakan kai mega 29 ko kusa da haka, wato idan aka sauke shi sau 700 kacal, kason watan ya ƙare. Da adireshin ya shiga zaurukan WhatsApp na 'yan uwa a Marwa da Ngaundere da Kusiri, tun kafin goman tsakiya duk wanda ya buɗe shafin sai ya tarar da farin allo da saƙon kuskure mai lamba 509.

Duk da ɓacin ran da hakan ya jawo, ban ga zalunci a ita kanta iyakar ba. Masauki mai araha tamkar gidan haya ne mai famfo ɗaya: babbar kwamfuta guda ce ke ɗauke da ɗaruruwan shafuka, dukansu kuma ta layi ɗaya suke fita, don haka idan mutum ɗaya ya kafa durom a bakin famfon, sauran sai su tsaya da bokiti a hannu. Layin da ke ɗaukar gigabit 1 a daƙiƙa, ko da ya yi aiki dare da rana ba hutu, ba zai wuce kimanin terabait 324, wato giga dubu 324, a wata ba, kuma tun kafin a kai nan cunkoso zai sa shafuka su riƙa jan ƙafa. Bayan haka, shi ma kamfanin sayen layin yake yi daga manyan kamfanonin sadarwa, waɗanda sau da yawa sukan yi masa lissafi gwargwadon nauyin lokutan da aka fi cunkoso. Iyakar wata-wata ita ce hanyar da yake bi ya san abin da zai kashe, ya kuma tura mai jan kaya da yawa zuwa tsarin da ya fi tsada. Su ma masu tallar "ba iyaka", wanda ya karanta ƙananan rubutun sharuɗɗansu zai tarar sun tanadi damar rage wa shafi gudu ko dakatar da shi.

Inda kamfanin ya gaza shi ne wajen sanarwa. Allon kula da shafi yana nuna abin da aka ci a kowace rana, amma babu saƙon gargaɗi da ya zo mana kafin a rufe, alhali dattawa na jiran karatu bayan sallar asham. Ma'aikatansu sun amsa da ladabi, sai dai mafitar da suka kawo ita ce mu ƙara kuɗi ko mu jira sabon wata.

Yanzu tafsirin yana YouTube da Telegram, shafin kuwa mahaɗar kawai yake ɗauke da ita, sannan ina matse hotunan waya daga mega 4 zuwa ƙasa da rabin mega kafin in ɗora. Da wannan tsari masaukin ya wadace mu, kuma zan shawarci kwamitin makaranta da ya sabunta yarjejeniyar, bisa sharaɗin a riƙa aiko mana saƙo idan mun ci kashi 80 cikin 100.