Sojojin Napoliyon na roba na Perry Miniatures: abin da na gani bayan na fente kwali guda

Wata uku kenan kwalin nan yana kan teburina, jiya da daddare na gama soja na ƙarshe, mai gangar, shi ya sa na ce bari in rubuta tun abin bai huce min ba. Kwalin sojojin ƙasa ne na Faransa, na 1812 zuwa 1815, kamfanin Perry Miniatures, roba mai tauri, girman milimita 28, su 42 a ciki. Ga wanda bai san harkar ba, 'yan mutum-mutumi ne da ba su kai tsawon babban ɗan yatsa ba, kai za ka yanko su daga firam, ka manna, ka fente, sannan ku jera su a kan tebur kai da abokin wasanka ku sake buga yaƙin da aka yi shekara ɗari biyu da suka wuce, da tef ɗin awo da ƙwayar ludo. Wasu wasan ne ya dame su, ni kam gaskiya fentin ne ya riƙe ni.

Masu kamfanin tagwaye ne 'yan Ingila, Alan da Michael Perry, sun daɗe suna yi wa Games Workshop, wani kamfanin yin irin waɗannan 'yan mutum-mutumi, sassaƙa. Shi Michael ya rasa hannunsa na dama a 1996 a wani hatsarin igwa wajen wasan kwaikwayon tsohon yaƙi a Faransa, ya koma ya koyi aikin da hagu, abin nan duk sanda na ɗauki soja ɗaya ina duba maɓallan rigarsa sai ya faɗo min a rai.

Haɗa su bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Yawancin masu macin jakar baya kawai za ka manna musu, shi kenan, sai 'yan kaɗan masu harbi da hafsa da mai tuta da suke buƙatar a sa musu hannu. Da gam ɗin roba, irin wanda yake narkar da wajen ya haɗe, yamma biyu na gama. Akwai siririn layin da mazubi yake bari a jikin duk wata roba, na kankare da bayan wuƙa, amma na yi ƙyuya na tsallake guda shida ko bakwai na ce ai ba zai fito ba. Ya fito. Da fenti ya hau sai ga layin ya miƙe tun daga hula har takalmi kamar an tsaga mutum biyu, kuma laifina ne ba na kowa ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne jikinsu jikin mutane ne. Akwai sojojin da za ka saya ka ga kai kamar tulu, hannu kamar faranti, bindiga kamar gungume, wai don a ji daɗin fenti. Waɗannan sirara ne, bindigar siririya, wuƙar bakinta siririya, sai dai hakan yana nufin buroshinka ma sai ya nutsu, kuma kada ka zuba su a leda ɗaya ka jefa a jaka kamar yadda na yi ranar farko.

To, batun kayan jikinsu, nan ne daɗin yake kuma nan ne azabar take. Rigar ita ce ta tsarin kayan sojan Faransa na 1812 da ake kira Bardin, shuɗiya mai duhu, gabanta fari a rufe har ƙugu, wuya da bakin hannu ja, sai doguwar hula baƙa mai tambarin tagulla. Bataliya ɗaya kamfani shida ce: huɗu na gama-garin sojoji, ɗaya na giranadiya masu jan ado a kafaɗa, ɗaya na 'yan gaba-dai masu harbin sari-ka-noƙe, su kuma wuyan rigarsu ruwan ɗorawa ne. Su kamfanoni huɗun gama-garin nan da ɗan tuntun da ke saman hula ake bambanta su, na farko kore, na biyu shuɗi mai haske, na uku ruwan lemo, na huɗu shunayya. Takardar da ke cikin kwalin ta nuna launukan, har da tutoci da za ka yanka ka naɗa, ban sha wahalar bincike ba. Amma fa farin nan! Farin gaba, farar ɗamarar fata da ta gitta ƙirji, fararen igiyoyin jaka, farar igiyar bindiga, fari a kan fari, in ba ka raba su da siririn duhu ba sai ƙirjin ya zama dunƙule ɗaya kamar an watsa masa farar ƙasa. Kuma abin dariya, a 1806 Napoliyon, sarkin Faransa na lokacin, ya gwada mayar da rigar gaba ɗaya fara saboda shuni ya yi wuyar samu, jiragen ruwan Ingila sun tare hanya, bai daɗe ba aka watsar aka koma shuɗi. Da tsarin ya ɗore wallahi da ban taɓa sayen Faransawa ba.

Goman farko na yi musu shimfiɗar baƙin fenti, na bi da fentin Vallejo, shuɗin da suke kira Dark Prussian Blue, wanda ni dai a idona shi ne daidai. Shuɗin ya zauna lafiya, farin ne ya ƙi, sai da na yi shafi uku wani wajen huɗu kafin baƙin ya daina leƙowa, soja ɗaya ya cinye min kusan awa biyu, na lissafa sauran 32 da ke jirana na ji gabana ya faɗi. Sai na juya dabarar. Na yi shimfiɗa da toka-toka mai haske, na zuba ruwan fentin nan mai gangarawa cikin lungu, Agrax Earthshade na Citadel, na tsinka shi da ruwa sosai don kada farin ya koma ruwan ƙasa, sannan na bi saman ɗamarar kaɗai da farin da na ɗan karya da toka. Kuma na daina yin soja ɗaya-ɗaya, na jera takwas a kan sanda, duk fuskoki, sannan duk riguna, sannan duk bindigogi. Ya gundure ni, ba zan ɓoye ba, amma lokacin ya ragu fiye da rabi.

Abin da na daɗe ban yarda da shi ba sai da na gani da idona: daga inda kake tsaye a bakin tebur ba ka ganin ido, ba ka ganin maɓalli. Goman da na kashe wa awa ashirin da sauran da na yi a guje, da na jera su tare na ja da baya taku biyu, na rantse ban iya ware su ba sai da na sunkuya. Abin da ido yake kamawa shuɗi ne da fari da jan wuya da tuntu da tuta, sai kuma ƙasar da suke tsaye a kai. Har idanu na ɗiga wa mutum huɗu da bakin allura, suka fito kamar sun ga aljani, na shafe na bar inuwa kawai a wajen, sun fi kyau nesa ba kusa ba.

Akwai wasu sojojin masu doguwar rigar sanyi, su kuwa Allah ya saka wa wanda ya sa su a kwalin. Rigar ta rufe farin gaban da jan duka, toka-toka ko ruwan ƙasa kawai za ka shafa, kuma da yake a fagen daga ba launi ɗaya kowa yake samu ba, ka cakuɗa kala uku ma babu mai cewa ka yi kuskure. Na yi su a kwana huɗu. Tun da yaƙin Watalu nake nufi, na 18 ga Yuni 1815, da aka kwana ana ruwa filin ya zama taɓo, na shafa musu laka har gwiwa, na manna yashi da 'yar ciyawar roba a gindinsu, wanduna ma wasu fari wasu toka wasu ruwan ƙasa, ba irin na fareti ba.

Inda na kusa kuka shi ne wajen banish, wato man da ake bi saman fenti da shi don ya kare shi. Gwangwanin fesawa ne na wani kamfani daban, ba zan kira suna ba, na fesa wa goma sha biyu ranar da iska take da laima, suna bushewa sai ga wani farin hazo ya lulluɓe su kamar raɓa ta daskare a jikinsu, shuɗin nan da na sha wahala a kai ya koma toka. Na zauna ina kallonsu na fi minti goma. Daga baya na bi su da banish mai sheƙi da buroshi, ya maido da launin, sannan na kashe sheƙin da marar ƙyalli, shi ma da buroshi. Biyu dai ba su dawo daidai ba, na tura su layin baya. Tun ranar ban sake fesa komai ba sai na gwada a kan soja ɗaya tukuna.

Ga sabon shiga zan ce kwalin ya dace, amma ya fara da masu rigar sanyi, ya sayi buroshi ɗaya mai kyau lamba 1 mai tsinin baki maimakon tarin ƙanana marasa tsini, kuma ya tsinka fentinsa da ruwa, don kaurin fenti shi ne yake cinye ƙananan zanen nan da aka saya kwalin dominsu. Wanda kuma yake son launi barkatai ya yi yadda ya ga dama, Faransawan 1815 za su takura shi, komai da ƙa'idarsa.

Tun kafin in gama mai gangar na kai sauran tebur ranar Asabar, abokin wasana ya jera Ingilawansa masu jajayen riguna a kan tudu. Na turo bataliyar a dunƙule kamar yadda Faransawa suke yi, tuta a tsakiya, ya yi musu ruwan wuta sau biyu, na jefa ƙwaya don a ga ko za su tsaya, ta ba ni ɗaya da biyu, wato ba su tsaya ba. Aikin wata uku, minti ashirin suka yi a fili na kwashe su na mayar kwali.