Kafintan da ya kafa mana kabad ɗin kicin, ga yadda aikinsa yake

Gaskiya mutumin nan ya san aikinsa. Gidan da muka kama a Abuja bangon kicin ɗin ba bulo ba ne, allon jifsam ne aka ɗora kan siraran ƙarafuna, ka ƙwanƙwasa ka ji kamar ganga. Wanda ya fara yi mana ya zo ya cusa fisha, wato 'yar robar nan da ake sa wa a ramin bango don ta riƙe noti, kawai ya ɗaure, sati 2 kabad ya fara sunkuyowa da tangaran ɗin madam a ciki, ranar ban yi barci ba wallahi.

Shi wannan da ya zo bai taɓa injin huda ba sai da ya bi bangon da maganaɗisu ya gano inda ƙarafunan suke, tazarar santimita 60 tsakaninsu, ya sa alama da fensir, sannan ya kafa filawud mai kauri ya kama ƙarfe uku da irin notin nan mai buɗe fiffike a bayan bango, a kan katakon ya rataya kabad ɗin. Yace jifsam shi kaɗai ba ya riƙe nauyi, marmashewa yake yi.

Na sama kuma da ke rataye a dekin, notin ƙarfe mai buɗewa cikin kankare ya sa, ya hure ƙurar ramin tukuna, da ya ci karo da rodi bai matsa ba ya canza waje. Har ya tambayi inda fayif ɗin wayar wuta ya bi.

Matsalarsa ɗaya makara, yace ƙarfe 9 sai bayan azahar muka gan shi, kuma kuɗinsa da ɗan tsada. Amma ko gobe shi zan kira.