Rumfar facin da ba a shafa wa taya mai

A Zariya, tsakanin Ƙofar Doka da Tudun Wada, akwai wata rumfar faci da ta haɗa da wankin babur, can nake kai Boxer ɗina. Ko allon suna babu: injin iska ne, da duro na ruwa, da benci, da wani dattijo, Baba, da yaransa. Yadda suke bi da taya ne ya sa na ga ya dace in gaya wa 'yan'uwa masu babur.

Yawancin masu wanki a garin nan, in sun gama sai su ɗauko soso su mulke taya da man ƙyalli, wasu ma baƙin mai ko gas suke gogawa, ta fito baƙa wuluk, mai babur ya ji daɗi har ya ƙara musu na goro. A mota man nan a gefe yake tsayawa. A babur kuwa, da ka kwanta a kwana, kafaɗar tayar ce ke taka kwalta. Ga santsin mai, ga yayyafi, ga shataletale, sai dai Allah ya kiyaye. Bayan haka fetur da kananzir da baƙin mai duk suna cin roba, su sa ta tsattsage. Baba ya hana wannan a rumfarsa. Na ga wani matashi ya nace a sa masa, Baba ya ce, "Yaro, je ka gaba su sa maka, ni ba da hannuna ba."

Ruwa ne da ɗan sabulu da buroshi, sai ɗauraya sosai. Suna ɗaga babur a kan babban jak, yaro ya riƙa juya wili a hankali yana bin zanen tayar da bakin sukundireba. A tawa ta baya ya zaƙulo tsakuwa da wani ɓallin kwalba da ya fara nutsewa, ya ɗora mini a tafin hannu. Man sarƙa da ke fantsama gefen taya ma sai sun goge shi, kuma ba sa danna ruwa mai ƙarfi a wajen boris.

Iska da geji Baba yake aunawa, ba da ƙwanƙwasa taya da sifana ba. In ka zo daga tafiya mai nisa, kamar daga Samaru ko Kwangila, sai ka jira ta huce, domin zafi na ƙara lambar. Ni yana ba ni 25 a gaba, 32 a baya saboda ina goyo. 'Yan acaɓa masu son a cika ta tam don ɗaukar buhu kullum suna cikin gardama da shi. Ƙarancin iska ma bai yarda da shi ba: taya na ɗaukar zafi, tana murzar tub, har bawul ya tsinke.

Abin da na fi ƙaruwa da shi karatun jikin taya ne. Bayan haruffan DOT da ke rubuce a gefen taya akwai lambobi huɗu a ƙarshe masu nuna lokacin da aka yi ta: 1523 na nufin mako na 15 na shekarar 2023. Kamfanin Michelin na ba da shawarar a riƙa kai taya dubawa duk shekara in ta kai 5, a sauke ta in ta kai 10 ko da zanenta bai suɗe ba. Don haka in ka shiga Sabon Gari sayen taya, ƙyallin leda ba shi ne sabunta ba, juya ta ka karanta. Baba ya kuma nuna mini alamar TWI, mai nuna suɗewar taya, da ɗan tudun da ke cikin ramin zanen. In tudun ya yi daidai da saman taya, ta gama aiki.

Aibinsu jinkiri. Safiyar Juma'a layi ne, benci ɗaya, inuwa kaɗan, ruwan wanki kuma yana kwanciya daidai inda mutum zai tsaya. Kuɗinsu ya ɗan ɗara na maƙwabta, kuma ba sa sayar da taya, sai ka sayo su ɗaura maka. Mai sauri ya je da sassafe a tsakiyar mako, ya riƙe tsabar kuɗi, don Baba ba ya karɓar tiransifa.