Falmaran ta ruwa: wata 14 ina gudu da ita a duwatsun Shere

Duk ranar Asabar, da an sallame sallar asuba, mukan haɗu mu biyar ko shida a gefen dam ɗin Lamingo mu nufi duwatsun Shere da ke gabashin Jos. Gudu ne na awa 3, wani lokacin 4, a kan hanyar ƙafa da burtalin shanu, inda babu shago, babu mai tallan ruwan leda. Abin da mutum ya ɗauko daga gida shi ne ruwansa har ya dawo. Na daɗe ina riƙe gorar roba a hannu, sai dai a kan dutse hannu yana da aikinsa: da shi ake dafa fā a hau, da shi ake tare ƙasa idan tsakuwa ta kwashe ƙafa. Wannan ne ya sa na nemi abin da zai ɗaukar mini ruwan a jiki.

Wasu suna ce mata jakar ruwa. Ba za a ce mata rigar ruwa ba, tunda wannan sunan na rigar damina ne. Ni falmaran nake ce mata, domin haka aka yanka ta: ba ta da hannu, a buɗe take ta gaba, tana rungume ƙirji da gadon baya. Kuma sunan yana da amfani, don duk wanda ya je sayenta da tunanin jaka zai saya, zai faɗa inda na faɗa da farko.

Ta farkon a intanet na saye ta, wata mai araha da aka rubuta wai girma ɗaya ce ta kowa da kowa. Tana da salkar roba mai cin lita 2 a baya, da siririyar mesa da ke zagayowa ta kafaɗa zuwa baki. Na gwada ta a ɗaki ba komai a ciki, na ji ta zauna daidai. Ranar da na cika ta na fita, tun gangaren farko na gane abin da na sayo. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan kilo 2 ne ke tashi yana dukan bayana a kowane taku. Na ɗaure igiyoyin ƙirji tamau, numfashi ya ƙi cika. Na sassauta, duka ya dawo. Kafin mu juyo, bakin maɗaurin kafaɗa ya saɓule mini fatar wuya, gumi na shiga wurin yana raɗaɗi, kuma sai da na yi kwanaki ban iya rufe maɓallin wuyan kaftani ba.

Duk da haka na daure da ita wata 3. Abin da ya raba mu ya faru ne wata Asabar cikin watan Maris. Salkar baya ba a ganinta, mutum zuƙa kawai yake yi yana kintace. Muna can saman dutse, saura tafiyar da ta fi awa ɗaya mu dawo, na zuƙi mesa na ji iska. Ruwa ya ƙare ban sani ba. Wani abokin gudunmu ne ya raba nasa da ni, muka sauko da tafiya a hankali, kaina na sarawa. Tun ranar ban ƙara sa ta ba.

Ta biyun yayana ne ya taho mini da ita daga Turai. Da na ce masa ya duba mini matsakaiciya, sai ya ce, "Ƙanena, ba a sayenta da ka. Je wurin telanka ya auna ƙirjinka, ka turo mini da santimita." Na je, tela ya ɗauko tef yana tambaya, "Malam, kaftani ne ko jamfa?" Na yi masa bayani, ya auna ni a kan 'yar shara irin wadda nake gudu da ita, ya sami santimita 96. Awon ya faɗo tsakanin girma biyu a jadawalin kamfanin, muka ɗauki ƙaramin saboda yadin mai miƙewa ne. Wannan zuwa wurin tela shi ne abu mafi amfani da na yi a duk sayayyar. Kowane kamfani da nasa jadawalin, matsakaiciyar wannan tana iya zama ƙaramar wancan, don haka awon tef ne kawai abin dogara.

Bambancin da na ji ranar farko ba ƙarami ba ne. Ruwan ya dawo gaba, cikin gorori biyu masu laushi, kowace tana cin rabin lita, ɗaya a kan kowane ɓangaren ƙirji. Ba a ciro su. Mutum ya ɗan sunkuyar da kai, ya ciji bakin gorar, ya zuƙa, ƙafa ba ta tsaya ba. Gorar tana motsewa daidai yadda ruwa ke raguwa, iska ba ta shiga, saboda haka babu ƙarar ruwa yana kaɗawa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne da ido nake ganin abin da ya rage. Idan mun kai rabin hanya na ga ta hagu ta motse ta dama kuma ta fara, na san lokacin juyowa ya yi. Ga kuma wata dabara da salka ba ta bayarwa: nakan zuba ruwa zalla a ɗaya, ɗayar kuma in kaɗa ruwan gishiri da sukari irin na ƙunshin kemis.

Zamanta a jiki kuwa, sai dai in ce kamar ɗinkin da tela ya yi wa mutum shi kaɗai. Babu maɗauri mai kauri a kafaɗa, yadi ne mai faɗi da ke raba nauyin ko'ina. Igiyoyin ƙirji na roba ne, suna buɗewa idan na ja numfashi su koma idan na sauke, kuma ana iya matsar da maƙalansu sama ko ƙasa. A gangaren da ta farko ta yi ta dukana, wannan ko motsi ba ta yi. Ƙa'ida ɗaya na koya: idan gorori suka ragu, falmaran takan ɗan saki, sai a ƙara jan igiyar kaɗan ana cikin tafiya.

Ban ce salka ba ta da rana ba. Asalinta ma abin sha'awa ne. A ƙarshen shekarun 1980, wani ma'aikacin agajin gaggawa mai suna Michael Eidson ya shiga tseren keke na mil 100 cikin zafin jihar Texas ta Amurka. Ya cika ledar ƙarin ruwa ta asibiti, ya zura ta cikin safa, ya maƙala a bayan rigarsa, ya zagayo da mesar ta kafaɗa. Daga wannan ne kamfanin CamelBak, mai yin jakunkunan ruwa na goyo, ya samo asali. Mu da kakanninmu suka ratsa Sahara da salkar fatar akuya mun san hikimar tun da daɗewa. Tawa ma tana da gurbin salka mai lita ɗaya da rabi a baya, kuma nakan sa ta idan za mu yi doguwar fita cikin bazara. Sai dai a kifa ta tukuna a zuƙe iskar da ke ciki kafin a rataya, in ba haka ba za ta yi ta ƙara har a dawo. Kuma zafin baya yana ɗumama ruwanta da wuri.

Akwai abin da ke rikita masu saye, ni ma ya rikita ni. Idan aka rubuta lita 5 ko lita 12 a jikin falmaran, ba ruwa ake nufi ba, faɗin aljihunanta ne gaba ɗaya. Tawa mai lita 12 ce, amma ruwan da ta zo da gororinsa lita ɗaya ne tak. Masu lita 12 an yi su ne don dogayen tsere irin UTMB, wanda ake yi tun 2003 a zagaye dutsen Mont Blanc daga garin Shamoni na Faransa, kimanin kilomita 170 ta cikin Faransa da Italiya da Suwizalan. A can dole ne kowane ɗan tsere ya ɗauki aƙalla lita ɗaya ta ruwa, da rigar ruwa, da tocila biyu, da usur, da waya, da bargon gaggawa, kuma ana bincikawa. Mu ba wanda ke bincika mu, amma Jos tana da nata hali. Garin kansa ya kai kusan mita 1,200 daga teku, ƙololuwar Shere kuma ta haura mita 1,800. Da hunturu da rigar sanyi muke fita, rana na ɗagawa sai a cire, dole a sami inda za a cusa ta. Da damina hadari kan haɗo cikin ƙanƙanin lokaci. Don haka aljihun bayan bai taɓa zama a banza ba a waɗannan watanni. Akwai wani aljihu a ƙasan baya da ke buɗe ta gefe biyu, nakan miƙa hannu in jawo riga ba tare da na cire falmaran ba. Waya tana aljihu mai zik, dabino da ƙuli-ƙuli suna aljihun gaba a ƙasan gorori. Usur ɗin da aka ɗinke a jikinta sau ɗaya muka yi amfani da shi, ranar da hazo ya raba mu da wani ƙaninmu a tsakanin duwatsu, kuma da shi ya gano inda muke.

Maganar yawan ruwa tana bukatar a tsaya a kanta, domin ita ce ke yanke girman abin da mutum zai saya. Jiki ya bambanta, wani guminsa a awa bai wuce rabin lita ba, wani yana kusan lita 2. Hanyar sani mai sauƙi ce: a hau sikeli kafin a fita, a yi gudun awa ɗaya ba a sha komai ba, a goge jiki a sake hawa. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta gumi. Ni na gwada cikin Maris na ga kusan kilo ɗaya, cikin Disamba kuma wajen rabinsa. Ke nan gorori biyu suna isata a fitar hunturu, amma da bazara sai da salka. Kada kuma a ɗauka yawan shan ruwa kullum alheri ne. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa zalla awa da awanni fiye da abin da yake fitarwa, gishirin jininsa na iya tsinkewa, kuma wannan cuta ce da ke kai mutum asibiti, har takan yi kisa. Ni idan na ji ƙishi nake sha, kaɗan-kaɗan.

Tana da nata aibu, kuma ba zan ɓoye ba. Duk yadda yadin yake da huji-huji, riga ce a kan riga, da bazara bayana yakan jiƙe sharkaf fiye da da. Zura cikakkiyar gora cikin aljihunta aiki ne, musamman idan yadin ya jiƙe, sai an yi ta girgizawa tana sauka. Makon farko ruwan yana ɗanɗanon roba, sai da na jiƙa gororin da ruwan ɗumi da lemun tsami ya tafi. Idan aka bar ruwan sukari ya kwana biyu a ciki, funfuna takan yi baƙi a bakin gorar, wurin da burushi ba ya kaiwa. Yanzu da na dawo nake ɗauraye su in jefa a firiza, idan kuma babu wuta in rataye su a kife baki buɗe. Ita kanta falmaran da hannu nake wanke ta da ruwan sanyi in shanya a inuwa, don rana tana kashe roba. Gefen wuya har yau ina shafa masa basilin, kuma ba na sa ta a kan singileti, sai riga mai rufe kafaɗa.

Sai kuɗi. Na manyan kamfanoni irin su Salomon da Nathan da Ultimate Direction yawancinsu sun haura dala 100, kuma kowa ya san abin da wannan ke nufi da naira. Wanda gudunsa bai wuce awa ɗaya ba a kan titin unguwa, ko kewayen fili, ba ya bukatarta, gorar hannu ta ishe shi. Matasan Pankshin da ke cinye dogayen tsere a ƙasar nan ba falmaran ce ta kai su ba. Amfaninta yana farawa ne daga inda hanya ta yi nisa da ruwa. Ana dace da ita a gwanjo, kuma na ga wani abokinmu ya samu mai kyau a nan Jos. Idan haka ne a ja kowace igiya a ga ko robar tana komawa, a buɗe kowane zik, gorori kuwa a sayi sababbi. A tabbatar tsawonsu ya dace da aljihun, don ba duka ne siffa ɗaya ba. 'Yan'uwa mata da ke wannan motsa jiki su nemi wadda aka yanka musamman dominsu, akwai masu saukar da gororin ƙasa kaɗan su haɗa da dogon tsinken zuƙa.

Wanda ya sami damar gwadawa kafin ya biya, kada ya gwada ta fayau kamar yadda na yi da ta farko. Ya zuba ruwa a gororin, ya sa waya a aljihu, ya cusa riga a baya, ya yi tsalle sau goma, ya sauko matakala da gudu, sannan ya ja dogon numfashi. Idan ta yi tsalle tare da shi, ko ta taɓa wuya, ko ta hana ƙirji buɗewa, ba tasa ba ce ko da wane suna ke jikinta.

Tawa yanzu wata 14 ke nan. Ƙaya ta yaga ragar aljihun dama, telan nan da ya auna ni ya ɗinke ta da zaren roba, kuma na sauya gora ɗaya da ta fara yoyo ta wajen murfi. Sauran komai yana nan. Idan bazara ta matso ina da niyyar neman ƙaramarta mai lita 5 don gajerun fita na ranar Laraba, wannan kuma ta ci gaba da zama ta Asabar.