Gargaɗi: masu cewa za su dawo da kiran da aka goge a waya sun ci mani N50,500, sun kuma roƙi dangina da sunana

Assalamu alaikum jama'ar Sakkwato. Kwana tara ke nan ina ɗauke da wannan magana a cikina, kunya ta hana ni faɗa. Jiya bayan Magariba wani abokin kasuwancina ya miƙo mani wayarsa yana tambayata ko na san waɗannan mutane, na duba sai ga tallar nan dai da ta cinye ni tana yawo a Facebook. Sun canja sunan shafi kawai. Hoton shi ne dai, kwamfuta biyu a kan tebur, da rubutu ja: "Muna dawo da kira da saƙonnin da aka goge cikin minti 30." Hannuna har rawa ya yi.

N50,500 daga aljihuna. N75,000 daga mutanen da suka ga sunana da hotona suka tura. Jimla N125,500. Duk alat ɗin suna nan a wayata, zan ɗora su ku gani da idonku.

Ni ɗan kasuwar albasa ne, shekara goma sha bakwai ina loda kaya zuwa kudu. Na faɗi haka ne don kada wani ya zo yana ce mani ban san duniya ba. Na yi ciniki da Yarbawa, na yi da Inyamurai, na yi da mutanen Ƙonni, an sha kawo mani alat na bogi ina ganewa tun kafin a ɗaga buhu ɗaya. Ba a taɓa cin kwabona ta waya ba sai wannan karo.

Abin da ya faru shi ne, na tura buhu 30 kasuwar Mil 12 ta Legas ga wani sabon mai saye. Ya biya wani kaso, saura N420,000, muka yi da shi zai cika idan kaya sun sauka. Sau uku kacal muka yi magana, kuma ban adana lambarsa ba, tana cikin jerin kira, kullum ina cewa anjima zan sa mata suna. Ranar Litinin da dare ƙaramin yarona ɗan shekara huɗu ya ɗauki wayar, Tecno ce, yana ta danne-danne ina cin tuwo. Da safe na buɗe wajen kira, fayau. Ba ko lamba ɗaya. Direban da ya kai kayan kuma wayarsa a kashe, na kira ya fi sau ashirin. Ku sa kanku a matsayina: N420,000 na hannun mutumin da ban san gidansa ba, ban san rumfarsa ba, lambarsa ma ta tafi. Wane ne zai iya barci?

Na fara zuwa wajen masu gyaran waya a titin Emir Yahaya. Yaro na farko ya juya wayar ya ce, "Alhaji, wanga abu in ya tahi ya tahi." Na biyu ma haka. Wallahi da na ji maganarsu. Amma mai neman abu ba ya son jin babu, sai na ɗauka ƙaramin sani ne gare su. A daren ne na ga tallar.

A'a, bari in gyara, ba a daren ba ne. Ranar Laraba ce da hantsi, ina zaune a rumfa, don na tuna ana sauke kayan wani maƙwabcina lokacin da na danna lambar WhatsApp da ke ƙarƙashin tallar.

Ya amsa nan take. Ya ce shi injiniya ne, yana da ofis a Abuja amma ɗan Mabera ne. Da Sakkwatanci ya yi mani magana, tsantsa, ba irin na mai koyo ba. Ya ce, "Alhaji kwantar da hankalinka, mi ag ga wuya nan? Yau-yau za ka ga lambarka." Ya ce in ɗauki sikirinshot na wajen kira yadda yake yanzu in tura masa don ya ga irin tsarin wayar. Na tura. Ya ce kuɗin buɗe aiki N7,500. Na tsaya ina tunani. A nan ne ya turo saƙon muryar da har yau nake ji a kunnena.

Saƙon daƙiƙa goma sha ɗaya ne. A bayansa ana kiran sallar Azahar, ana ji sarai. Ya ce, "Alhaji bari in yi salla in dawo gare ka, kada ka turo komi sai na dawo, kuɗin mutane amana ne." Kada ka turo komi sai na dawo. Wannan kalma ita ta kashe ni. Na ce a raina ɓarawo ba ya cewa a dakata, ɓarawo gaggawa yake yi. Duk 'yan damfarar da na sani matsa maka suke, yanzu-yanzu, kafin layi ya rufe. Wannan kuwa ya ce zai je masallaci. Na saurari saƙon nan ya fi sau hamsin daga ranar zuwa yau, ina neman inda muryarsa ta karkace, inda ya kamata in gane. Babu. Ko malamin unguwarmu aka kunna wa, zai ce mutumin kirki ne. Kuɗin mutane amana ne, haka ya faɗa, da kiran salla a bayansa.

Da ya dawo na tura N7,500.

Bayan kamar minti arba'in ya kira ni ya ce aiki ya fara fitowa, ya karanto mani lambobi uku. Ta ƙanina, ta wani dillali a Kasuwar Kara, da ta uwargida. Daidai, ba kuskure ko ɗaya. Tsigar jikina ta tashi. Na ce lallai wannan ya shiga cikin wayar. Sai daga baya, bayan komai ya lalace, ɗan yayana ya nuna mani cewa lambobin nan uku suna cikin sikirinshot ɗin da na tura masa da hannuna, kiran da na yi ranar Talata ne bayan an riga an goge. Abin da na ba shi ya karanto mani. Amma a lokacin wa zai tuna? Hankalina yana kan N420,000.

Daga nan ya ce sauran lambobin suna cikin babbar na'urar kamfani, sai an biya N18,000 kafin ta sake su. Na je wajen mai POS na tura, wani asusu dabam da na farko, da sunan mace. Na tambaye shi, ya ce matarsa ce, asusunsa ya cika iyakar kuɗin da yake karɓa a rana. Wannan ma abu ne da yake faruwa, ni kaina ya sha faruwa da ni a irin ƙananan asusun nan, shi ya sa ban yi gardama ba. Washegari Alhamis ya ce akwai mutuminsu a cikin ofishin kamfanin layi wanda zai fitar da takardar kira ta wata uku, shi kuma N25,000 yake so. Na ce ya yi yawa. Ya ce, "Alhaji, dubu ashirin da biyar da dubu ɗari huɗu da ashirin, wane ya hi?" Ni na gaya masa adadin bashin tun farko, da bakina. Na tura.

7,500, 18,000, 25,000. N50,500.

Na manta ban faɗi ba, tun ranar Laraba ya so in saukar da wata manhaja ta wani mahaɗi da ya turo, ba daga Play Store ba. Wayar ta fito da gargaɗi, na ƙi. Ku ga ai ba wai na rufe ido ne gaba ɗaya ba. Na kuma ƙi ba shi lambar BVN da ya nema da sunan tantancewa, na ce masa wannan lamba 11 ko ɗana ban ba shi. Ya yi dariya ya ce na yi daidai, haka ake son mutum ya kula. Har yaba mani ya yi.

Abin da ban ƙi ba shi ne lambobi shida. Alhamis da La'asar ya ce takarda ta fito, za a turo mani lambar karɓa ta saƙon tes, in karanto masa. Saƙo ya shigo da Turanci, lambobi shida. Ina tsakiyar awo, ga leburori suna jira, ga hayaniya, na karanto masa ban karanta sauran rubutun ba. Ashe lambar rajistar WhatsApp ɗina ce, a cikin saƙon ma an rubuta kada a ba kowa. Kafin in gama sallamar leburori WhatsApp ya fitar da ni.

Kafin Isha ya bi mutanena ɗaya bayan ɗaya. Ya rubuta musu cewa motar kayana ta yi hatsari a hanyar Kwantagora, ina asibiti da direba, a taimaka da abin da ya samu zuwa gobe. Innata da ke Illela, ƙanwar mahaifiyata, tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, jikarta ta karanta mata saƙon, ta kwance N30,000 ta ba yarinyar ta kai wa mai POS. Wani aminina tun muna makarantar allo ya tura N45,000. Da Inna ta same ni a waya kuka take, tana cewa, "Ɗana, kana da rai? Mi yas same ka?" Ban san abin da zan ce mata ba. Na ce lafiyata lau Inna, ta ce to alhamdu lillahi, kuɗin ba komi ba ne. Wannan "ba komi ba ne" ya fi mani ciwo a kan N50,500 ɗina. Na san tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta tara dubu talatin.

Ɗan yayana da ke karatu a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo shi ya zo da daddare ya karɓi wayar. Ya sake yi mani rajista da layina, amma mutumin ya riga ya sa nasa lambar sirri ta mataki na biyu, dole muka jira kwana 7 kamar yadda ƙa'idar WhatsApp take. Abin da ya taimaka shi ne da zarar mun shigar da sabuwar lambar tes, an fitar da shi daga can, bai ƙara samun damar rubuta wa kowa ba. Shekaranjiya na samu shiga. Kwana bakwai ina bin mutane da kira ɗaya-ɗaya ina cewa ba ni ba ne, a masallaci ma sai da liman ya sanar bayan Asuba.

Yaron ya zaunar da ni ya ce, "Baffa, jerin kira a cikin wayar yake zaune, ba a sama yake ba da wani zai miƙa hannu daga Abuja ya ɗauko." Ya ce hanyar da aka sani ita ce in wayar tana ajiya a asusun Google tun kafin a goge, ko iCloud ga masu iPhone, kuma ko ita sai an mayar da wayar sabuwa an ɗora tsohuwar ajiyar, in ma sabuwar ajiya ba ta riga ta hau kanta ba. Muka duba tawa, ajiyar a kashe take tun ranar da na sayi wayar. Ya ce Google ma tun 2019 ya taƙaita manhajojin da ke iya karanta jerin kira a Play Store, shi ya sa irin waɗannan mutane suke turo tasu ta bayan gida. Kamfanonin layi kuwa, MTN ne ko Airtel ko Glo, suna da bayanan kira, amma ba abin da wani a Facebook zai saya maka ba ne da N25,000. Yaran titin Emir Yahaya gaskiya suka gaya mani tun ranar Talata, kyauta.

Lambar mai sayen albasar kuma? Ranar Asabar direban ya kunna waya, ashe lalacewa ta yi a hanya. Yana da lambar, don shi ya kira mutumin da zai sauke kaya. Ya turo mani cikin minti ɗaya. Mutumin ya cika mani N420,000 ɗina ranar Litinin ba tare da wata magana ba, har yana cewa shi ma yana ta nemana a WhatsApp bai same ni ba. Da na yi haƙurin kwana huɗu. Amma ranar Laraba ban san direba zai kunna waya ba, ban san ko mutumin zai gudu ba, ba wanda ya sani. Duk mai cewa da shi ne ba zai biya ba, bai taɓa sa buhu 30 a mota ya rasa lambar mai karɓa ba.

Ku dai kada ku biya kowa kuɗin dawo da kiran da aka goge. Kada ku karanta wa kowa lambobi shida da suka shigo ta tes, ko da muryar babanku ya zo. Ku sa lambar sirri ta mataki na biyu a WhatsApp yau. Mai neman bayanan kiransa ya taka da ƙafarsa zuwa ofishin kamfanin layinsa da katin shaida ya tambaya.

Na kai ƙara wajen 'yan sanda, na kuma je banki da lambobin asusun guda uku da na tura wa kuɗi, na cika takarda. Ofishin EFCC na nan Sakkwato ma zan je da ɗan yayana ranar Litinin in sha Allahu. Ban yafe ba. Ba kuɗin ba ne kawai, kiran sallar nan da ya sa a bayan muryarsa, da kalmar amana da ya ɗauka ya yi mani tarko da ita, ita ce ban yafe ba, mu haɗu gaban Allah. Ɗan Mabera wai. Ko ɗan Mabera ne ko ba shi ba ne, ya san yadda muke magana, ya san abin da muke girmamawa.

Sikirinshot ɗin hirarmu, da alat uku, da saƙon muryar, zan ɗora su yau bayan Isha idan yaron ya rufe lambobin iyalina da ke ciki. Aminina ya ce in bar N45,000 ɗinsa sai bayan kaka, ban yarda ba, na riga na mayar masa da 20,000. Ranar Lahadi kuma zan shiga motar Illela in kai wa Inna dubu talatin ɗinta hannu da hannu, don na san in ta POS na tura ba za ta karɓa ba.